Elmer Harju da Bangon da Ba Taga

Idan ka yi wa Elmer Harju ina kwana, sai ya dube ka tukuna, ya leƙa bayanka, sannan ya amsa. Ba girman kai ba ne, tambayar kansa yake yi me ka zo nema. Haka muka taso muka same shi, haka kuma ya tsufa a gabanmu, a wannan ɗan garin namu na arewacin Michigan inda kowa ya san abin da ke cikin tukunyar kowa, in ka cire tukunyar Elmer.

Aikinsa ne ya ƙara ɓata shi, in ka tambaye ni. Motar share ƙanƙara ya tuƙa wa hukuma tun yana saurayi har kansa ya yi fari. To mutumin da ke fita tun duku-duku yana bin titi-titi, ai shi ke ganin motar wa ta kwana a ƙofar gidan wa. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, wannan kam a ba shi haƙƙinsa. Sai dai abin ya zauna masa a rai, ya yanke cewa babu mahalukin da ke inda ya ce yana nan. In aka zuba masa mai, sai ya fito ya leƙa mita. Likita ya ce jininsa ya hau, ya ce masa, "Wa ya aiko ka?" Fasto ma bai tsira ba. Matarsa Joyce kaɗai ke iya masa. Takan ce, "Elmer, sauke kafaɗarka, babu mai binka," sai ya sauke. Tun da ta rasu ba a samu mai gaya masa haka ba.

Amma duk zargin da yake wa duniya, kaso mafi tsoka na Norman Pelto ne, maƙwabcinsa ta gabas, kuma mijin ƙanwarsa Ilona. Wata tsohuwar waya mai ƙaya ce ta raba dajinsu. Asalin abin tun shekarar auren Ilona ne. Wani namijin barewa ya fito daga fadama, Elmer ya sakar masa harsashi, ya zabura ya tsallake wayar, Norman ma ya saki nasa, dabba ta faɗi a ɓangaren su Pelto. A wajenmu wanda harsashinsa ya kayar shi ke da nama, kuma ba a harbi ƙetaren waya ko da barewar gwalo take maka. Norman ya ce nasa ne ya kayar. Elmer ya ce ai gawa ce ke gudu, mushe Norman ya harba. Dattawa suka ba Norman gaskiya. Har yau ƙahon na rataye a falonsa, kuma duk Kirsimeti in Ilona ta kira yayanta cin abinci, sai ya ja kujera ya ba ƙahon baya.

"A shekara ɗaya ya ɗauke min ƙanwa da barewa," in ji shi. "Ƙanwar dai na yafe."

Shi kuwa Norman wani ƙato ne mai faɗin fuska da arhar dariya, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a injin yankan katako har kunnensa ɗaya ya mutu. Komai da ƙarfi yake faɗa. Elmer ya ce kurumtar ma ta ƙarya ce.

Ƙarya dai a lokacin farauta ba abin kunya ba ce a wurinmu. Shiga shagon kofi na Darlene in Nuwamba ta kusa ka sha labari. "Kai, ka ga wani abu a wajenka?" "Ina fa! Ko kashin barewa ban gani ba bana." Alhali mai maganar jiya ma ya kore su daga lambunsa. Kowa na yi, kowa ya san kowa na yi, a yi dariya a ƙara kofi. Elmer ne kawai ya ɗauki abin da zafi. Shi ko ƙaryar ba ya yi, don a ganinsa in ka ce gabas, mai wayo zai gane yamma kake nufi. Sai ya yi gum ya kama kofinsa da hannu biyu.

Abin da yake ɓoyewa kuwa ya kai a ɓoye. Akwai wani tsohon namijin barewa a fadamarsa, wuya kamar na bijimi, ƙaho ya yi rassa ya buɗe har ya wuce kunnuwa nesa, fuska ta fara furfura. Joyce ce ta sa masa suna Gwamna, wai don ba a ganinsa sai shekara-shekara, shi ma daga nesa. Elmer ya daɗe yana bibiyarsa. Sau ɗaya ya taɓa sa shi a madubin bindiga, reshe ya shiga tsakaninsu.

Bara ne abin ya faru. Ya hau tsanin da ya saba hawa ya zauna a kan bishiya, ƙafa ta zame, ya faɗo, ƙugu ya tsage, aka sa masa ƙarfe. 'Yarsa Karin ta zo daga birnin Marquette ta yi jinyarsa, da ya fara takawa ta zaunar da shi a kicin.

"Baba, na gyara maka ɗaki a gidana. Na gaji da zabura duk lokacin da wayata ta yi ƙara."

"Wa ya ce miki ɗaki nake nema? Ilona ce ko? Ko mijinta?"

"Haba Baba! Ni na ɗauko ka daga asibiti, sai wani ya gaya min?"

Suka ja, suka ja. A ƙarshe aka tsaya a kan ya yi farautar bana, daga ita sai Marquette, kuma ba shi ba hawa bishiya. Ya yarda, don Karin fuskar uwarta gare ta, ba ya iya mata dogon musu. Farauta ɗaya ta rage masa ke nan a duniya, kuma ya ƙudura a ransa ba zai bar dajin nan ba sai da Gwamna a bayan a-kori-kurarsa.

Tun da an hana shi bishiya, sai ya ce zai gina ɗakin fako: ɗan ɗaki a kan dogayen dirkoki, da matakala mai abin dafawa, inda zai zauna daga sama ya jira. Kowa a nan yana da irinsa, ba wani abu ba ne. Matsalar ita ce inda ka kafa ɗakinka shi ke tona inda barewarka take. Wurin da Elmer ya zaɓa kuwa gefen fadama ne, kusa da wata tsohuwar bishiyar tuffa da mahaifinsa ya dasa. Matan barewa na zuwa tsintar 'ya'yan da suka faɗo, inda mata suke a Nuwamba kuwa nan namiji zai zo. Tsakanin wurin da wayar Norman bai fi jifa ba.

Ai kuwa aka shiga ɓoye-ɓoye. Ga shagon katako a bakin titinmu, Elmer ya ƙi, ya wuce garuruwa ya je inda ba a san shi ba, ya lulluɓe kayan da tamfol. Allah da ikonsa, yana tsayawa shan mai a hanyar dawowa sai ga Ilona ta fito daga kanti.

"Yaya, wannan kaya haka? Gini za ka yi?"

"Akurkin kaji."

"Kaji? Kai da ka ce ƙwai na sa maka ƙaiƙayi?"

"Na warke."

Ba a yi mako ba sai ga ta da kwali cike da 'yan tsaki suna tsiwa. "Norman ya ce a kawo maka, kada akurki ya zauna wayam." Elmer ya karɓi kwalin, ya daɗe yana kallon cikinsa. Wato an gane shi, kuma ana so ya san an gane shi. Dole ya tsaya ya gina akurki na gaske a gaban gida inda mai wucewa zai gani, ya ɓata katako, ya ɓata lokaci, ga ciyar da kajin da ba ya cin ƙwansu. Duk safiya in yana watsa musu hatsi, zagin Norman yake yi ƙasa-ƙasa.

Amma in ana maganar aikin hannu, Elmer ba daga baya ba ne. Dirkokin da kansa ya saro su a fadama, irin itacen nan mai ƙamshi da ba ya ruɓa, ya bar musu ɓawonsu don su saje da daji. Ya haƙa ramuka masu zurfi yadda sanyi ba zai turo su sama ba, ya kafa, ya tokare su da gicciyayyun katakai. Bango-bango ya harhaɗa a gida, ya ja su da tsohuwar tarakta, ya ɗaga da igiya da kurar jan kaya shi kaɗai, yana yi yana cije leɓe saboda ƙugu. Guduma ko sau ɗaya bai buga a dajin ba, don ƙararta na tafiya nesa. Da ƙusoshin murɗawa ya yi aikin duka, da hannu, har tafinsa ya yi kanta. Ya shimfiɗa tsohon kafet ɗin falon Joyce a ƙasa don kada takalmi ya yi motsi. Ƙofa ya sa ta kudu. Ya yanka taga ta arewa, ya yanka ta yamma, duk suna kallon fadama da bishiyar tuffa, ya ɗaure murfinsu da robar taya maimakon ƙarfe don kada su yi kuka. Ta gabas, mai kallon wayar Norman, ya riga ya zana ta da fensir, saura yanka.

Iska ma ya lissafa. A Nuwamba daga babban tafkin yankinmu take busowa, ta arewa maso yamma, don haka warin jikinsa gabas zai tafi, dajin Norman. Wannan ya yi masa daɗi ƙwarai. Ya ce ko ba komai ya kore wa mutumin barewa kyauta.

Sai wata rana yana kan matakala ya ga wani abu ya yi walƙiya ta gabas. Norman na da wani tsohon ɗakin fako a kan tudu, can ƙetaren waya, wanda ya yi shekaru bai hau ba, har rufin ya rufta. Yau ga sabon kwano a kai yana sheƙi. Ga kuma Norman a tagar, da madubin hangen nesa a idonsa. Da ya ga an gan shi, sai ya ɗaga hannu kamar ba komai, ya sauko, ya tako har bakin waya.

"Yaya Elmer!" ya kwaɗa kira, yadda duk barewar da ke fadama sai ta ji. "Wannan akurki ya yi tsayi! Kajin naka masu tashi ne?"

"Rage murya, ba a kasuwa muke ba. Me ya dawo da kai tudun nan?"

"Ƙanwarka ce. Ta ce na cika zaman gida ina cinye mata biskit."

"Duk faɗin dajinka sai nan?"

"Nan ne ƙafata ke iya kawo ni, tsoho. Ai ba kai kaɗai ka tsufa ba." Ya ɗaga kai ya ƙare wa ginin kallo, ya jinjina. "Aiki ya yi kyau, na rantse. Amma ka yanka tagar nan ta gabas, ka yi ta babba. Ka san halin tsofaffin maza, ba sa zuwa wa mata gaba da gaba. Zagayowa suke yi ta ƙarƙashin iska su shaƙa tukuna. In naka zai zo, ta nan zai biyo, tsakaninka da waya."

"Nawa wa? Wa ya ce maka ina da wani?"

Norman ya bushe da dariya. "Oho dai. Ni dai na gaya maka."

Ya juya ya tafi, ya bar Elmer tsaye da zarto a hannu. In naka zai zo. Ashe ya san da Gwamna! Tun yaushe? Ilona ce ta ji wajen Joyce? Ko shigowa yake yi ta ƙarƙashin waya in ya ga motar Elmer ta fita? Kuma me ya dame shi da tagar wani? Elmer ya hau ɗakin, ya tsaya daidai zanen fensir, ya auna da ido. Tirƙashi! In ya buɗe taga a nan, daga kan tudu Norman zai riƙa hango shi tsaf da madubinsa: inda ya juya kai, lokacin da ya ɗaga bindiga, ta inda yake sa ran fitowar dabba. Wato ya zama masa ɗan leƙen asiri ba ko sisi. Shi ya sa yake so ta yi girma.

Abin haushin, maganar da Norman ya faɗa gaskiya ce, kuma Elmer ya fi shi saninta. Yaron da ya fara farauta bara ma ya san tsohon namiji ta ƙarƙashin iska yake zagayowa. Amma da yake daga bakin Norman ta fito, sai ta zama tarko. Ya ajiye zarto. Ya kawo wani falankin ya ninka bangon gabas, ya cusa tsummoki tsakani, ya bi duk wata kafa ya toshe da danƙo, ya manna ragowar kafet ta ciki. Ko ramin ƙusa bai bari ba. Da ya gama ya dafa bangon ya ce, "To, leƙa mu gani."

A shagon Darlene kafin buɗe farauta, Norman ya so ya tsokane shi a gaban jama'a. "Surukina ya gina masauki a daji, amma ya ba ni baya. Ko gaisawa ba za mu yi ba."

"Fuskarka na kora min barewa," in ji Elmer, bai ɗago ba.

Aka yi shewa. Darlene ta ce, "Ku biyun nan, in ɗayanku ya mutu ɗayan ba zai yi wata ba." Elmer ya dube ta ta gefen ido, yana tunanin ita kuma me take nufi da wannan.

Ranar sha biyar ga Nuwamba ta zo, ranar buɗe farauta, ranar da makarantu ke zama wayam, kowane namiji mai ƙafa yana daji da rigarsa ruwan lemo. Ƙanƙara ta ɗan sauka da dare, ta rufe ƙasa, samanta ya daskare yadda ko ɓera ya taka sai ka ji. Elmer ya hau ɗakinsa tun gari bai waye ba, ya ja ƙofa, ya zauna a kujerar da ya shafa wa mai, bindiga a cinya. Da haske ya fara, matan barewa uku suka fito daga fadama suka nufi gindin tuffa. Ya ji harbi can nesa, ya ji wani. Iska na busowa daidai yadda ya lissafa. Ya buɗe tagar yamma kaɗan, ya kafa ido a bakin fadama.

Sai matan suka ɗaga kai gaba ɗaya. Ba fadama suke kallo ba, ba kuma shi ba. Bayansa suke kallo.

Ƙaras. Shiru. Ƙaras, ƙaras.

Elmer ya san wannan takun. Mace ba ta taka ƙasa da nauyi haka, ƙaramin namiji kuma ba ya da wannan haƙurin. Ta gabas yake, tsakanin ɗakin da waya. Sai ya ji gurnani ƙasa-ƙasa, daga maƙogwaro, kusa ƙwarai. Ya juya kai a hankali, idonsa ya sauka a kan furannin kafet ɗin Joyce.

Da ɗakin kowa ne, da dabbar ta shaƙi warin mutum ta arce tun daga nesa. Amma Elmer ya toshe bangon nan yadda ko numfashi ba ya fita. Gwamna ya tako abinsa hankali kwance har ƙarƙashin ɗakin. Can sai ɗakin ya fara rawa. Ya samu dirka mai ɓawo da ƙamshi, irin wadda suke so, ya sa ƙaho yana gurza. Elmer na jin kowace gurza a ƙashin ƙugunsa. Abin da ya yi shekaru yana nema ga shi a ƙarƙashin takalminsa, in ya miƙa hannu ta cikin katako sai ya kama ƙahon, kuma ba shi da ko ramin da zai sa ido.

Ya yi tunanin ƙofa. Kafin ya miƙe da wannan ƙugun, ya buɗe, ya fita kan matakala, ya zagayo da bindiga, ai dabbar ta kai wata jihar. Ya yi tunanin ya jira, wataƙila ya fito ta yamma wajen matan. Ya riƙe numfashi, yana roƙon Allah a zuci, abin da ya daɗe bai yi ba.

Gurzar ta tsaya. Ƙaras, ƙaras, ƙaras. Takun na nisa, kuma gabas ya nufa.

Shi ke nan. Elmer ya rufe ido. Ashe tarihi ne zai maimaita kansa, ya yi kiwo Norman ya yanka. Ya hango ƙahon Gwamna a falon nan kusa da na farko, ya hango kansa a Kirsimeti ya rasa bangon da zai ba baya. Ya damƙe bindiga yana jiran ƙarar harbi daga kan tudu. Ya jira. Matan suka gama tsinta suka tafi. Rana ta ɗaga. Babu harbi.

Shirun nan ya fi harbin tayar masa da hankali. Me mutumin nan yake ƙullawa?

Da hantsi ya sauko. Dirkar gabas ta kware fes, ɓawo a zube a kan ƙanƙara, ƙamshin itace ya cika wurin. Yana tsaye yana kallo sai ga Norman ya gangaro bakin waya da butar kofi a hammata. Yau bai ɗaga murya ba.

"Ka gan shi?" in ji Elmer.

"Na gan shi. Kai, Yaya, ban taɓa ganin irinsa ba. Na yi ta cewa yanzu Elmer zai harba, yanzu zai harba."

"Kai me ya hana ka?"

"A dajinka yake."

"Gabas ya yi. Da kunnena na ji."

"Bai tsallako ba. Ya zo bakin waya, ya bi ta gefenka, ya koma fadama. Ka san ba na harbi ƙetaren waya." Ya miƙo butar. "Sha, da zafinsa."

"Na ƙoshi."

Norman ya mayar da butar hammata ya nufi gida, wai Ilona na jiransa da abinci.

Elmer bai yarda ba. Ina zai yarda! Ko dai bindigar mutumin ce ta ƙi tashi yana jin kunyar faɗa, ko yana ajiye dabbar ne sai an kwashe Elmer zuwa Marquette ya ci shi kaɗai, ko kuma akwai wata a ƙasa. Ya jira har rigar Norman ta ɓace cikin itatuwa, sannan ya bi sawun daga gindin dirka. Manyan kofatai ne, sun nutse sosai, ba a ɓata su. Suka kai shi bakin waya. A nan ya ga inda ƙafafun baya suka tono ƙasa, ga ɗan gashi a maƙale jikin ƙaya.

Ashe Gwamna ya tsallaka.

Elmer ya jingine bindigarsa. Rabonsa da taka dajin Pelto tun kafin a haifi Karin. Ya durƙusa da ƙyar, ya kwanta, ya ja jiki ta ƙarƙashin waya, ƙugu na masa ihu. Sawun ya miƙe har tsakiyar fili, gaban tudun, inda babu ko reshe ɗaya tsakaninsa da tagar Norman. A nan Gwamna ya tsaya. Ba wucewa ya yi ba, tsayawa ya yi. Ya tattake wurin, ya tono ciyawa ya ci, har kashi ya yi. Ya ba da haƙarƙarinsa ga tagar nan tsawon lokacin da ko makaho zai lallaɓa ya same shi. Sannan ya juya a hankali, ya sake tsallake waya can ƙasa, ya koma fadamar Elmer.

Dabbar Norman ce halak malak, a dajinsa, a gaban bindigarsa, babu dattijon da zai ce uffan. Irin wadda mafarauci ke gani sau ɗaya a rayuwa. Ya kalle ta ya ƙyale, ya zo bakin waya ya shirga ƙarya.

Elmer ya nemi makircin da ke ciki. Ya juya abin ta nan, ya juya ta can, yadda ya saba, bai samu komai ba. Norman ya san wannan ce farautarsa ta ƙarshe, ya bar masa, shi ke nan. Wallahi da ya ji ƙarar harbin nan da ya fi masa sauƙi, don ya san yadda ake zama da wanda ya cuce ka, shekara da shekaru yana yi. Wanda ya tausaya maka ne bai san inda zai sa shi ba. Kunya ta kama shi, ga baƙin ciki, ga wani abu mai kama da godiya da ya ƙi yarda ya kira shi da sunansa. Ya tsaya a filin mutumin da ya fi zargi a duniya, hawaye na daskarewa a gemunsa.

Can ya tuna jikokin Norman za su zo da yamma, kuma nan za su biyo. Duk wanda ya ga sawun nan ya gama karanta labarin, gobe kuma yana shagon Darlene: an bar wa tsoho barewa don tausayi. Ya karyo reshe mai ganye. Ya fara daga tsakiyar fili, yana tafiya da baya, yana jan ƙafa, yana share sawun Gwamna da nasa, har bakin waya. Ya cire gashin da ke jikin ƙaya ya sa a aljihu.

Sauran kwanakin farautar kullum yana hawa ɗakin. A rana ta biyu ya zo da zarto ya yanka tagar gabas, babba. Ta cikinta yana hango Norman a kan tudu, Norman na hango shi, babu mai ɗaga wa wani hannu. Gwamna bai sake fitowa ba.

Ranar da Karin ta zo ɗaukarsa, ya ce ta tsaya a shagon Darlene ya sha kofi. Shagon cike. Wani ya ce, "Elmer, an ce wani ƙato ya zo har ƙarƙashin ɗakinka ya yi maka sallama. Da ya bar wajenka fa? Norman bai gan shi ba?"

Elmer ya kama kofinsa da hannu biyu. Muka zaci gum zai yi yadda ya saba.

"Bai tsallaka ba," ya ce. "Na bi sawun da kaina. Ko kusa da dajin Norman bai je ba."

Norman na can ƙarshen teburi. Kunnensa mataccen ne ke wajenmu, amma ya ji. Ya ɗago ya dubi surukinsa, Elmer ma ya dube shi, karo na farko da na ga ya dubi mutum bai leƙa bayansa ba.

"Kajin nan," in ji Elmer, "ka je ka kwashe su. Ba sa son hatsi mai laima."